Ajiye Taswirar Intanet a Kwamfutar Kai: Misali Daga Unguwar Shahuci

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman gida a cikin birnin Kano ya san cewa kwatance ya fi lambar gida aiki. Shahuci, ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birni, cike take da lunguna waɗanda mazauna kaɗai suka san sunayensu, ga shi kuma ko sunan unguwar kansa a takardun hukuma sau da yawa "Shahuchi" ake rubutawa, bisa al'adar rubutun Ingilishi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wata cibiya, kamar sashen jami'a, za ta iya ajiye taswirar irin wannan unguwa a kwamfutarta, da kuma abin da yin hakan yake jawowa na amfani da na ɗawainiya.

Yadda Taswirar Take Aiki

Taswirar da ake nufi a nan ita ce wadda mai dubawa yake iya jan ta gabas ko yamma, ya kusanto da ita ko ya nesanta, ya taɓa wuri bayani ya fito. Ita kuwa ba hoto ɗaya ba ce. An yayyanka ta ne fallaye-fallaye masu kusurwa huɗu, galibi ɗigo 256 a tsaye, 256 a kwance. A matakin farko duniya duka falle ɗaya ce, kowane mataki na gaba kuma sai ya ninka na bayansa sau huɗu. Kafin a kai mataki na 18, inda ɗigo ɗaya bai cika mita guda ba a ƙasa, wato inda lungu yake fitowa sarai, fallayen duniya sun haura biliyan 68. Don haka mai hankali ba ya ɗaukar duniya duka, sai ya yanki birninsa kawai.

Kwamfutar da take riƙe da fallayen nan, tana miƙa su ga duk wayar da ta nema, ita ake kira uwar garke. Abubuwa uku take bukata. Na farko shi ne bayanan ƙasa, waɗanda ake samu kyauta daga OpenStreetMap, aikin gayya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, bisa sharaɗin a ambaci masu aikin. Na biyu shi ne rumbun ajiya, kamar PostGIS, tare da manhajar da take zana fallayen, kamar GeoServer. Na uku shi ne ƙaramar manhaja irin Leaflet, wadda ta fito a 2011, mai jera fallayen a idon mai dubawa har su zama kamar zane ɗaya.

Dalilin Ɗaukar Wannan Nauyi

Mai karatu zai iya cewa, tun da akwai Google Maps, mene ne na wahala? Amsa ta farko ita ce kayan aro ba ya rufe katara: a 2018 kamfanin ya sauya farashi ga masu ɗora taswirarsa a shafukansu, waɗanda suka dogara da shi kuwa ba su da ta cewa. Amsa ta biyu ita ta fi shafar ɗalibin Hausa. Mai uwar garke shi yake yanke hukuncin sunan da zai bayyana, ya rubuta Shahuci da Ƙofar Mata bisa ƙa'idar rubutu, ƙugiya ba ta faɗi ba. Haka kuma yana iya liƙa wa kowane wuri tarihinsa, da muryar wani dattijo yana furta sunan, don karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, su tsira.

Kano ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. Daga wajejen 2012, a yaƙi da cutar shan-inna, ƙungiyar eHealth Africa da abokan aikinta sun zana taswirar matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu rigakafi kuma suka riƙa yawo da wayoyin da suke nuna inda aka taka da inda aka tsallake. A 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Ɗawainiyar Da Take Ciki

Uwar garke ba ta barci, saboda haka tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da sanyi a lokacin bazara, da kwafin ajiya a wani wuri dabam, da mai kula da sabunta manhajoji don toshe ƙofar ɓarayin intanet. Daɗin daɗawa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, don haka sunan lungu daban, sunan maigida daban.

Kammalawa

Manhajojin nan duk kyauta ne, abin da yake da tsada shi ne kulawa ta yau da gobe, da kuma tattaki zuwa wurin masu unguwanni da dattawa don jin sunaye daga bakinsu. Lungun da ba a rubuta sunansa ba a yau, gobe sai a wayi gari wani ya raɗa masa wani.