Amsoshin Takardunku: Wane ne Cat Stevens, kuma me ya raba shi da jita?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, wanda ya ce sun yi gardama da abokinsa a kan mawaƙin nan na Ingila, Cat Stevens, wato Yusuf Islam. Shin da kansa yake tsara waƙoƙinsa? Kuma da gaske ne tun da ya musulunta bai sake taɓa jita ba?

To malam, gyara zama ka sha labari. An haife shi a birnin Landan ranar 21 ga watan Yuli, 1948, sunansa na yanka Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Cyprus, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙasar Sweden, suna da gidan sayar da abinci a unguwar gidajen wasan kwaikwayo. Ka ga ke nan da kiɗa a kunne ya tashi.

Yana ɗan shekara 18 ya fitar da faifansa na farko a 1966, kuma tun a lokacin shi ke rubuta abinsa. Waƙarsa The First Cut Is the Deepest ma wata mawaƙiya, P. P. Arnold, ce ta fara fitar da ita a 1967, daga baya Rod Stewart ya kai ta matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1977.

Ana cikin haka sai tarin fuka ya kwantar da shi, ya yi watanni a asibiti. A nan ne fa salonsa ya sauya. Yaron da ke waƙa da taron makaɗa a bayansa ya koma zama shi da jitarsa, yana tambayar kansa ina rayuwa ta dosa. Daga wannan jinya aka samu kundin Tea for the Tillerman a 1970, mai ɗauke da Wild World da kuma Father and Son, inda yake rera baitin uba da kakkaurar murya, na ɗa kuma da siririya, kowa na kare hujjarsa. A 1971 Peace Train ta biyo baya. Sai dai a lura, Morning Has Broken ba shi ya rubuta ba, tsohuwar waƙar coci ce ya sabunta.

A tsakiyar shekarun 1970 saura ƙiris teku ta cinye shi a gaɓar Malibu ta Amurka. Bayan nan yayansa ya kawo masa fassarar Alƙur'ani. Ya musulunta a watan Disamba 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978. Ya yi gwanjon jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka, ya juya wa shahara baya alhali duniya na yayinsa. A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan.

Dangane da kashi na biyu na tambayarka kuwa, amsar ita ce a'a. Ya fara dawowa ne da waƙoƙin addini masu murya da ganga kawai, irin su A Is for Allah. Sannan a 2006, bayan kusan shekara 28, ya sake fitar da kundi da jita, An Other Cup. Wasu sun yi murna, wasu sun ga baikonsa. A 2020 ya sake rera Father and Son, ya haɗa muryarsa ta tsufa a matsayin uba da muryarsa ta ƙuruciya a matsayin ɗa.

Da fatan mai sauraron namu ya gamsu, gardama kuma ta ƙare. Sai ku ci gaba da aiko mana da takardunku.