Ribaɗin Wurno da Yadda Aka Gina Shi

Kalmar ribaɗi daga Larabci ta shigo Hausa, kuma asalinta ɗaurewa ne, watau ɗaure dawaki a bakin iyaka domin dakon abokan gaba. Harafin ɗamisa-hannu na Larabci shi ne ya zama ɗ a bakin Bahaushe, kamar yadda ya yi cikin sharaɗi da ɗabi'a. A Afirka ta Arewa, ribaɗin Munastir da na Susa, a ƙasar Tunisiya, a gaɓar Bahar Rum suke, na dutse ne, suna gadin jiragen Rumawa. Ƙasar Hausa ba ta da teku, sai aka kai ribaɗi bakin daji.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne ya kafa Wurno wajen 1830, a kan tudu bisa fadamar Gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato, domin ta nan ne Gobirawa da Azbinawa suke kawo hari. Ya kuma kafa waɗansu, kamar Gandi da Bakura ta fuskar Zamfara.

Ginin kuwa irin na ganuwar Hausa ne. Akan haƙa ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa, a yi tubali, a shanya, sa'an nan a jera. Gindin yakan yi kauri ƙwarai, yana sirancewa zuwa sama, da badala daga ciki inda maharba ke tsayawa. Ramin da aka ɗebi ƙasar ba a cike shi, shi ne ke zama gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta rufe shi, doki ba ya iya kusantowa. Amma ginin ƙasa ba ya jure damina. Kowace shekara sai an yi gayyar yaɓe bayan kaka, abin da ba ya yiwuwa sai da jama'a mazauna. Don haka ne Bello ya zaunar da Fulani makiyaya, da malamai, da masu sana'a, da bayi, ya ba su gonaki. A nan hikimarsa ta fi bayyana, ko da yake masu ba da labari sun fi son ambaton yaƙin Gawakuke na 1836.

A Wurno Bello ya rasu cikin 1837, nan kabarinsa yake. Baturen nan Barth ya sauka garin cikin 1853, zamanin Aliyu Babba, ya tarar nan ne mazaunin Sarkin Musulmi, ba Sakkwato ba.