Tsohuwar Bindiga da Isnadinta

A shekarar 2018, a wani gwanjo da aka yi a Amurka, an sayar da libarba guda ɗaya, irin wadda ake kira Colt Walker, a kan dala miliyan 1.84, alhali kuwa bindiga ce da aka ƙera tun 1847, wadda babu mai hankalin da zai yarda ya ɗura mata albarushi a yau. Wanda ya ji wannan labari a zauren Mai Wurno ko a kasuwar Wad Madani, lalle zai ce almubazzaranci ne, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai dai in aka bi al'amarin sannu a hankali, za a tarar akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Samuel Colt, wanda bindigar ke ɗauke da sunansa, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1836. Hikimar ita ce ya sa wa bindiga kwanso mai juyawa, mai ramuka biyar ko shida, ta yadda mutum zai yi harbi a jere ba tare da ya tsaya ɗuri ba. Amma ɗurin kansa aiki ne na mai haƙuri, domin sai an zuba albarushi a kowane rami, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun, sa'an nan a kafa 'yar hular tagulla a bayan ramin, wadda ita ce ke kama wuta idan 'yar gudumar ta sare ta. Walker guda 1,100 kacal aka ƙera, da yawa kuma sun tarwatse a hannun sojoji, shi ya sa ta yi ƙaranci. Bayanta aka yi ta 1851 da ta 1860, waɗanda aka yi yaƙin basasar Amurka da su. Colt kuwa, da yake gwanin talla ne, har Sarkin Musulmi Abdulmajid na Istanbul ya kai wa wata mai adon zinariya a 1854, wadda yanzu take gidan tarihi na Metropolitan a New York.

To, me masu tara waɗannan bindigogi suke biya? Isnadi suke biya. Kamar yadda malamin hadisi ba ya karɓar riwaya sai ya san wanda ya ji daga wane har zuwa tushe, haka su ma suke duba lambar da aka buga a jikin bututu, da kwanso, da gindin ƙota, su ga ko ta zo ɗaya. Su nemi takardar da ta nuna wanda ya fara mallakarta da waɗanda suka gada. Su sa madubin ƙara gani a kan zanen da ke kewaye da kwanson. Wannan tsanani yana da dalili, domin tun wajen 1959 ake ƙera kwaikwayonsu a Italiya, wasu maha'inta kuma su tsufar da sabuwa da gangan su kai kasuwa. Wani abin mamaki kuma, wanda ya kankare tsatsa ya goge bindiga har ta yi walƙiya, a wurinsu ya kashe mata daraja.

Rabon Sudan daga maƙeran Amurka ya zo ne ta wata ƙofar. A 1869 Hidiwi Isma'il na Masar ya yi odar dogayen bindigogin Remington 60,000, masu cin harsashi ta baya, ya kuma ɗauko hafsoshin Amurka da suka gama yaƙin basasa, irin su Charles Stone da ya zama shugaban hafsoshinsa, da Purdy wanda ya auna ƙasar Darfur. Da Ansar, mabiya Mahadi, suka murƙushe rundunar Masar da Hicks ya jagoranta a Shaikan cikin Nuwamba 1883, dubban bindigogin nan suka faɗa hannun Mahadi ganima, da su kuma jihadiyyar Hamdan Abu Anja suka yi ta yaƙi, har zuwa ranar Karari, 2 ga Satumba 1898. An adana makaman wancan zamani a Gidan Halifa da ke Umdurman, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928.

Mu kuwa, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, gadonmu ya fi karkata ga takobi da mashi da allo da littattafan rubutun hannu. Abin takaicin shi ne isnadin waɗannan kaya a bakin tsofaffi yake, ba a takarda ba, kuma duk tsohon da aka kai makwancinsa, ya tafi da nasa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda ya ci Wad Madani da Sinja, aka kuma wawashe gidan tarihin ƙasa a Hartum a cikinsa, ya isa hujja cewa ko gini da mai gadi ba su tsare amana.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai takobin kaka ko tsohuwar bindiga a rataye a ɗakinku, kada ka goge ta, kada ka taɓa kunamarta, domin tsohon ɗuri yakan tashi, kuma ka bi dokar hukuma game da ajiye makami. Ka zauna gaban dattijon gidan da alƙalami, ka tambaye shi wa ya zo da ita, daga wane gari, ta wace hanya, ka rubuta da ajami ko boko, ka ɗauki hotonta, ka ba kowane reshe na zuri'a kwafinsa tun kafin dillali ya yi sallama.