TAKARDAR AMANAR GARKE: Yadda Masu Tumaki da Awaki na Ostireliya Suke Shaida Lafiyar Bisashensu



Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Duk wanda ya daɗe a kara ya san haka ne, domin daga kallon gashi da hanci da yadda sa yake taka ƙasa, falke zai gaya maka ko bisar nan za ta kai kudu da ƙafarta. To amma akwai cututtukan da ido ba ya kamawa. Bisa tana ɗauke da su shekara da shekaru tana ci tana sha, ka saye ta da kuɗinka, ka zuba ta cikin garke, sai bayan an manta da cinikin sannan ɓarna ta fito. A wannan fitowa za mu duba yadda masu kiwo na ƙasar Ostireliya suka ɓullo wa irin wannan matsala, da wani tsari na ganin dama wanda babu wanda ake tilasta wa shiga.

CIWON DA YA JAWO TSARIN

Sunan ciwon ya samo asali daga wani likitan bisashe Bajamushe mai suna Johne, ana furta shi Yone, wanda shi da abokin aikinsa Frothingham suka yi bayaninsa a 1895. Ƙwayar da ke kawo shi dangin ƙwayar tarin fuka ce, amma ita a hanji take zama. Yana kama shanu da tumaki da awaki da raƙuma, kuma akwai shi a ƙasashe da yawa na duniya, har da nan Afirka.

Ƙananan bisashe ne suka fi ɗauka, ta hanyar tsotsar nonon da kashi ya ɓata, ko cin ciyawa da shan ruwan da kashin mai ciwo ya shiga. Wani sa'in ma tun daga ciki ake haihuwar ɗan da shi. Daga nan sai ciwon ya kwanta luf, shekara 2 ko 3 ko fiye, ba wata alama. Sannu a hankali bangon hanji yana kauri har ya daina tsotse amfanin abinci. Sai ka ga bisa tana ci sosai amma tana ramewa, ƙashin baya ya fito, wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Saniya takan yi zawo mai ruwa wanda ba ya jin magani, ita kuwa tunkiya ba lalle ta yi zawon ba, rama ce kawai har ta faɗi. A nan wajenmu mai irin wannan bisa sai ya ce sammore ne, ko hanta, ko tsutsar ciki, ya yi ta kashe kuɗi a banza, alhali kuwa ciwon ba shi da magani.

Abin da ya fi muni shi ne tun kafin bisa ta nuna alama take zubar da ƙwayar a kashinta, kuma ƙwayar kan iya yin kusan shekara guda da rai a wuri mai inuwa da danshi. Kun ga ke nan wake ɗaya ya isa ya ɓata gari.

DA FARKO AN GWADA ƘARFI

Ostireliya ƙasa ce ta tumaki. A 1990 tana da kimanin miliyan 170, akasarinsu masu gashin ulu da ake kira Marino. An fara gano ciwon Yone cikin tumakinta a 1980 a jihar New South Wales, ya yi ta yaɗuwa a ɓoye daga gona zuwa gona. A 1993 kuma aka same shi cikin alfaka a jihar Biktoriya. Ita alfaka ƴar uwar raƙumi ce, ƙarama marar tozo, asalinta duwatsun Kudancin Amurka wajen ƙasar Peru, kuma don gashinta ake kiwonta.

A shekarun 1990 hukumomi suka shiga da ƙarfin doka. Gonar da aka samu ciwo sai a killace ta, a hana mai ita sayar da bisashe sai ga mahauta. Jihar Biktoriya ma har ta gwada kawar da garke ɗungum. To me ya biyo baya? Mutum ya shekara talatin yana gyara irin ragunansa, rana ɗaya darajarsu ta faɗi ta koma ta nama, maƙwabta suna gudunsa. Da mutane suka ga haka, sai wanda ya ga tunkiyarsa tana ramewa ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ƙi kiran likita. Mai gaskiya ya yi hasara, mai ɓoyewa ya ci kasuwa, ciwo kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. A 2004 aka sauya salo a ƙasar, aka karkata ga barin mai saye da mai sayarwa su auna haɗari da kansu bisa bayanin da aka rubuta.

YADDA TSARIN YAKE AIKI

Tun kafin wannan sauyi an riga an buɗe ƙofa ta ganin dama ga masu garke mai lafiya da suke son su nuna haka. Na shanu ne ya fara a 1996, na tumaki mai suna SheepMAP ya biyo a 1997, sannan na alfaka da na awaki, wato AlpacaMAP da GoatMAP, suka zo kafin shekara ta 2000. Wani kamfani marar neman riba mai suna Animal Health Australia, wanda gwamnatoci da ƙungiyoyin masu kiwo suka haɗu suka kafa a 1996, shi aka ɗora wa riƙon su.

A lura, wannan ba inshora ba ce. Babu wanda zai biya ka idan bisarka ta mutu. Shaida ce kawai da kake nema da kuɗinka domin mai saye ya natsu. Ga yadda na tumaki yake tafiya.

Mai garke shi zai nemi likitan bisashe wanda aka horar aka amince da shi, su rubuta yarjejeniya. Likita zai zo gona ya duba tarihin garken, daga ina aka sayo tumakin, yaya shinge yake, su wa ke maƙwabtaka, ta ina ruwa yake gangarowa. Bayan haka sai awo. A babban garke akan ɗebi kashin tumaki 350 masu shekara 2 zuwa sama, a haɗa na 50 wuri ɗaya, ya zama kashi 7, a kai ɗakin bincike. Shuka ƙwayar a jira ta tsiro yakan ci wata 2 zuwa 3, saboda tana da nawar girma. Idan garken ƙarami ne, sai a auna manyan duka.

In awo ya fito babu komai, garke ya hau matakin farko, MN1. In aka sake bayan kimanin shekara 2 ya fito haka, sai MN2. Awo na uku, bayan an cika shekara 4 ana kiyaye ƙa'ida, shi ke kai mutum MN3, wanda shi ne ƙoli. Wato amana ba rana ɗaya ake samunta ba, tara ta ake yi kamar yadda dillali yake tara sunansa a kara.

Awon ma shi ne mai sauƙi, ƙa'idodin zama su ne aikin. Ba ka da damar sayo bisa ko'ina ka zuba, sai daga garken da matakinsa ya kai naka ko ya fi, ban da ƴan sassaucin da likita zai amince da su. Kowace bisa da lambarta a kunne, kowace shiga da fita tana cikin littafi. In tunkiyar maƙwabci ta tsallako shinge sai ka sanar. In wata ta fara ramewa ba dalili, ba a ɓoye ta, bincikarta ake yi, ko da ta kai a yanka a duba hanjinta. Kowace shekara likita yana dawowa ya bi littafi, kuma akwai masu bincike daga waje da ke bin sawun aikin. Takardar tana da ranar ƙarewa. Ranar da aka samu ciwo kuwa, mataki ya faɗi.

Tun 2002 akwai allurar rigakafi mai suna Gudair da aka yi wa rajista a ƙasar. Sau ɗaya ake yi wa ɗan tunkiya, tsakanin mako 4 zuwa 16 da haihuwa. Gwaji ya nuna tana rage mace-mace da kimanin kashi 90 cikin 100, sai dai ba ta kawar da ƙwayar gaba ɗaya. Garken da ke cikin tsarin kuma yana yin allurar, akan ƙara masa harafin V a jikin matakinsa don mai saye ya sani.

ABIN DA TAKARDAR BA TA CE BA

Masu tsarin ba su taɓa cewa garken MN3 ba shi da ciwo sam ba. Abin da suka ce shi ne haɗarinsa kaɗan ne, domin awo yakan tsallake bisar da ciwonta bai nuna ba. Wannan faɗin gaskiya shi ya ba takardar daraja. Mai sayen ragon iri ya san abin da ya biya, ba cinikin biri a sama ya yi ba.

Haka nan ba kowa ya shiga ba. Kuɗin likita da na awo suna da nauyi, don haka akasarin waɗanda suka riƙe tsarin masu sayar da ragunan iri da bunsuran iri ne, waɗanda rago ɗaya nasu zai shiga garke da yawa. Mai kiwo don mahauta bai ga abin da zai ƙara masa ba. Ga sauran jama'a akwai wata takarda mai sauƙi ta bayanin lafiyar tumaki, wadda mai sayarwa yake cikawa da hannunsa ya sa hannu, ya faɗi ko a gonarsa aka haife su, wace allura aka yi masu, wane ciwo ya sani a garkensa. In ya yi ƙarya, takardar ce za ta kama shi gaban shari'a. Na shanu kuwa, wato CattleMAP, an rufe shi a 2016, aka maye gurbinsa da wani ma'auni na maki daga 0 zuwa 8 wanda mai gona yake gina shi a kan shirin tsaron gonarsa.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Wani zai ce su can suna da shinge, kowa da gonarsa da rijiyarsa, mu kuwa bisashenmu rijiya ɗaya suke sha, burtali ɗaya suke bi, a kara ɗaya suke kwana. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a ɗauko tsarin ɗungum a dasa a nan ba. Sa ɗaya yakan ratsa hannu huɗu ko biyar daga ƙauye kafin ya isa Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, kuma kowane hannu yana shafe wani abu daga tarihinsa.

Amma tushen abin ba baƙo ba ne gare mu. La'adar da ake ba dillali, ai ta amana ce, shi ne yake tsayawa cewa bisar nan ba ta sata ba ce. Abin da mutanen Ostireliya suka yi shi ne suka faɗaɗa wannan tsayawa ta haɗa da lafiya, suka rubuta ta, suka sa wani na uku yana dubawa. Mu ma muna da namu cututtukan masu kwanciya. Akwai ciwon huhu, wanda saniya kan warke a ido ta ci gaba da rabawa, akwai kuma bakkale mai sa ɓari. Ita Ostireliya tun 1973 aka shaida ta rabu da ciwon huhun shanu, mu kuwa har yau muna fama. Kuma mun ga bushiya da ta ci dukiyar kakanninmu, a 2011 aka bayyana ƙarewarta a duniya, wato ke nan abin da aka haɗa kai a kansa yana yiwuwa.

Saboda haka ga abin da ke hannunmu ba sai mun jira kowa ba. In bisa ta yanka ce kai tsaye, haɗarin da sauƙi. In kuwa ta iri ce ko za ta zauna cikin garke, a tambayi asalinta, garken wa ta fito, an yi ɓari ko tari a wurin? Sabuwar saye a ware ta makwanni kafin a haɗa, ko da yake ware ta ba zai tona ciwo irin na Yone ba, tambayar asali ce maganin wannan. Ramammiya mai zawo kada ta kwana inda maruƙa da ƴan tumaki suke. Takardar likitan bisashe da muke ɗauka zuwa iyaka, a bari likita ya ga bisashen da idonsa kafin ya buga hatimi, don takardar da ba a duba komai ba kariya ce daga tsaiko a hanya kawai, ba kariya ce ga dukiya ba. Kowane reshe kuma zai iya buɗe littafi na masu kiwo da dillalan da suka yarda a rubuta alluran garkensu da asalin abin da suka kawo.

Sai dai a riƙe darasin da ya fi kowane. Wanda ya fito ya ce garkena akwai ciwo, kada a mayar da shi abin gudu a kara, a taimake shi ya sayar wa mahauta a farashin da ya dace. In faɗin gaskiya ya zama hanyar talauci, babu wanda zai sake faɗi. Wanda kuma ya kawo bisa mai shaida, a ƙara masa a kan kuɗi, domin in mai shaida da marar shaida farashinsu ɗaya, babu dalilin da zai sa wani ya wahalar da kansa.

Muna roƙon shugabannin rassa su kawo wannan magana a zamansu na gaba, su aiko mana da abin da mambobi suka ce. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai fatake gida lafiya, amin.