DUWATSUN MURHU UKU NA GIRMAN MAI BI

Karatu: Luka 17:11-19, Kolosiyawa 2:6-7

 

Akwai tambayar da ta kamata kowannenmu ya yi wa kansa. Me ya sa mutum zai yi shekara ashirin a ikkilisiya, an yi masa baftisma, yana ba da zakka, ba ya fashin sujada, amma fushinsa na bara shi ne na bana, gunaguninsa na jiya shi ne na yau? Marubucin Ibraniyawa ya koka a kan irin waɗannan a sura 5. Ya ce lokaci ya yi da za su koyar da waɗansu, ga su har yanzu madara ake ba su kamar jarirai. Ashe daɗewa a ikkilisiya daban, girma cikin bangaskiya daban.

Kowace mace ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Ko a yau da rishon kananzir da na gas suka yawaita, ranar biki sai an kafa duwatsu uku kafin a ɗora babbar tukunya. Haka girman mai bi yake. Duwatsunsa uku ne: godiya, da tausayi, da Maganar Allah. In aka cire ɗaya, tukunya ta karkace, abin da ke ciki ya zube.

DUTSE NA FARI: GODIYA

A karatunmu Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya bi ta kan iyakar Samariya da Galili. A bakin wani ƙauye kutare goma suka hango shi, suka tsaya daga nesa suna roƙon jinƙai. Tsayawa daga nesan nan ba ra'ayinsu ba ne. Littafin Firistoci sura 13 ya umarta mai irin wannan cuta ya zauna shi kaɗai a bayan zango, sura 14 kuwa ta ce firist ne zai duba shi ya shaida ya tsarkaka kafin ya komo cikin jama'a. Saboda haka ne Yesu ya aike su wurin firistoci. Suna cikin tafiya sai suka ga jikinsu ya warke.

Goma aka warkar, ɗaya ya komo. Ya dawo yana ɗaukaka Allah da babbar murya, ya faɗi a gaban Yesu yana godiya. Shi kuwa Basamariye ne, wanda Yahudawa ba sa cin abinci a kwano ɗaya da shi. Yesu ya tambayi inda sauran taran suka shiga, sa'an nan ya sallami mutumin da albishir cewa bangaskiyarsa ta cece shi.

Mu lura da kyau. Taran nan ba arna ba ne, ba kuma marasa biyayya ba. Sun yi addu'a, sun bi umarni, sun sami amsa. Abin da suka rasa shi ne komowa. Sun karɓi kyauta suka bar Mai kyautar a tsaye. Sun tafi da sabuwar fata, shi kuwa ɗayan ya tafi da sabuwar fata da sabuwar zuciya. Hausawa sukan ce yaba kyauta tukwici. Allah ba ya bukatar tukwicinmu, mu ne muke bukatar godiyar, domin ita ce take mai da mu gaban ƙafafun Yesu, a can ne kuwa ake girma.

Da yawanmu muna cikin taran nan ba mu sani ba. Ranar da yaro ya kwanta, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko mai gida ya ƙara kuɗin haya, muryarmu takan kai sama. Ranar da aka sami biyan bukata sai mu ce dabararmu ce, ko wani ɗan'uwa ne ya taimaka. Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa su yi godiya cikin kowane hali. Bai ce mu ƙaryata wahala ba. Tsadar abinci gaskiya ce, rashin aikin yi gaskiya ne. Amma wanda ya saba ƙirga abin da Allah ya riga ya yi masa, ba ya saurin cewa Allah ya yashe shi. Godiyar kaka sau ɗaya a shekara, da buhu da kaza a gaban bagade, abu ne mai kyau. Sai dai ba za ta ishi zuciya wata goma sha biyu ba, kamar yadda tuwon ranar Kirsimati ba ya riƙe ciki har wata Kirsimati.

DUTSE NA BIYU: TAUSAYI

Godiyar da ta tsaya a baki ba ta daɗewa. Dole ta sami ƙafa da hannu. Akwai waɗansu kutare kuma a 2 Sarakuna sura 7. Su huɗu ne, a ƙofar birnin Samariya, a lokacin da Suriyawa suka kewaye birnin har yunwa ta kai intaha. Suka shiga sansanin abokan gaba suka tarar ba kowa, ga abinci ga dukiya. Suka ci suka sha, suka fara ɓoye kaya. Can sai suka tuna da mutanen da ke mutuwa a cikin birni, suka ga shirun nan laifi ne, suka koma suka ba da labari. Wanda ya gane alheri aka yi masa, ba ya iya cin nasa shi kaɗai.

Ubangijinmu da kansa ya nuna mana hanya. A Markus sura 1 wani kuturu ya durƙusa a gabansa, tausayi ya kama shi, ya miƙa hannu ya taɓa shi. Yana da iko ya warkar da magana kawai, amma ya taɓa mutumin da kowa yake gudu.

Wannan taɓawar ba ta tsaya a ƙasar Galili ba, ta iso har Kano. A ƙarshen shekarun 1930, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, mishan ta SIM ta ɗauki nauyin kula da masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Ku dubi sunan nan, Yadakunya. Wurin da wanda aka ƙyamata zai yar da kunyarsa ya zauna kamar mutum. A lokacin babu maganin da yake warkar da cutar sarai. Aikin shi ne wanke gyambo, da ɗaure rauni, da allura, da noma tare, da koyar da karatu. Ba Turawa kaɗai suka yi shi ba. 'Yan ƙasa ne suka ɗauki yawancin nauyin, waɗansunsu ma tsofaffin majinyata ne da suka sami sauƙi suka tsaya suna hidima ga waɗanda suka zo bayansu. Waɗannan su ne 'yan'uwan Basamariyen nan: sun komo. A 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda yau ake kira Asibitin Ido na ECWA, inda Musulmi da Kirista suke bin layi ɗaya. A Nijar ma an buɗe asibitin Galmi a 1950.

Yau kuturta tana da magani. Ƙwayar cuta ce take kawo ta, ba la'ana ba, ba maita ba, ba kuwa hukuncin zunubin iyaye ba. Haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12 yana warkar da ita, tun 1995 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya take samar da shi kyauta. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa da ba ya jin taɓawa, ya hanzarta zuwa asibiti kafin yatsu su lalace. Amma maganin ƙyama ba a kanti yake ba, a zuciyarmu yake.

Su wane ne suke tsaye daga nesa a unguwarmu a yau? Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, a bakin ƙofarmu. Mutane suna zuwa daga Jigawa, da Katsina, da Bauci, har da Nijar. Wani ya zo jinyar mahaifiyarsa, guzurinsa ya ƙare, ba shi da kowa a Kano. Kwanon abinci ɗaya da gaisuwar "yaya mai jiki?" ba su fi ƙarfin Zumuntar Mata ko ƙungiyar matasa ba. Ga gwauruwar da dangin miji suka juya wa baya. Ga saurayin da shaye-shaye ya kama, iyayensa suna jin kunyar kiran sunansa a taron addu'a. Ga maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba, wanda aka yi wa rasuwa. Zumunta a ƙafa take. Yakubu ya tambaya a sura 2 ta wasiƙarsa, ina amfanin sallamar mayunwaci da fatan alheri alhali ba a ba shi abin sawa a baki ba. Tausayi kuma ba ya tambayar kabila ko addini kafin ya miƙa hannu. Da Yesu yana tambaya, da Basamariyen bai warke ba.

DUTSE NA UKU: MAGANAR ALLAH

Ku tuna, sa'ad da kutaren nan goma suka kama hanya, cutar tana jikinsu tukuna. Ba abin da suke riƙe da shi sai maganar Yesu. Cikin bin maganar ne warkarwa ta same su. Haka take aiki har yau: ba a sanin ikonta sai an taka a kanta.

Littafin da yake kan teburinmu bai zo hannunmu da sauƙi ba. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, daga baya aka 'yanta shi. Ya bi matafiyin nan Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani mai bishara Bajamushe, Rabaran Schön, wanda ya ƙara zurfafa Hausarsa daga bakin yaron. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari. Dorugu ya komo gida, ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a nan Kano a 1912. Daga baya Likita Miller na mishan ta CMS, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, tare da abokan aiki Turawa da Hausawa, suka ɗauki aikin har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga Matiyu zuwa cikakken Littafi, shekara 75 ke nan. A 1979 aka fito da sabuwar fassara, wadda da yawanmu muka tashi da ita.

Shekara 75 ana wahala domin mu ji Allah yana magana da harshen da uwa take rarrashin ɗanta. Yau ga shi a takarda, ga shi a wayar hannu, ga shi ana karanta shi da murya domin wanda bai iya karatu ba. To, ina taran? Littafin wani yana kwana a ƙarƙashin matashi kamar laya, ba a buɗe shi sai Lahadi. Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne, abinci ne, abinci kuwa ba ya amfani sai an ci.

Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, sun sami yabo domin kowace rana suna bincike cikin Littattafai su ga ko abin da aka yi musu wa'azi haka yake. Manzo Bulus ne fa mai wa'azin, duk da haka sun bincika. Balle mu, a zamanin da kowa yake iya ɗaukar waya ya kira kansa annabi, ya yi alkawarin arziki ga wanda ya aiko da kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai bin da bai san Littafinsa ba, bango ne tsagagge.

YADDA UKUN SUKE RIƘE JUNA

Maganar Allah takan tuna mana abin da aka yi dominmu a kan gicciye. Tunawar takan haifi godiya. Godiya takan buɗe hannu ta zama tausayi. Wanda ya shiga aikin tausayi kuwa, ba da daɗewa ba zai ga ƙarfinsa ya kasa, mutane ba sa godewa, haƙuri yana ƙarewa, sai ya koma ga Maganar ya ɗebo sabon ƙarfi. Karatu ba tausayi yakan sa mutum ya zama Bafarisiye. Tausayi ba Magana yakan ƙare da gajiya ko neman suna. Godiya ba tare da su biyun ba kuwa, waƙar Lahadi ce kawai. Abin da Bulus yake nufi ke nan a Kolosiyawa sura 2, inda ya haɗa kafa saiwa cikin Almasihu, da tsayawa kan koyarwar da aka karɓa, da yalwar godiya, duka a wuri ɗaya.

Saboda haka muna ba da shawara uku domin wannan mako. Da fari, kowane dare kafin a kwanta, iyali su taru, kowa ya ambaci abu ɗaya da zai gode wa Allah dominsa, har da ƙaramin yaro. Na biyu, a ɗauki Bisharar Luka, sura 24 ce, a karanta sura ɗaya kowace rana, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kafin wata ya ƙare an gama. Na uku, kowa ya zaɓi mutum ɗaya da yake tsaye daga nesa, ya je wurinsa da ƙafarsa kafin Lahadi mai zuwa. Kada mu rena ƙanƙantar mafari. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode domin ka gan mu tun muna nesa, ka jawo mu kusa ta wurin Ɗanka. Mun gode domin bayinka da suka sha wahala har Maganarka ta iso mu da harshenmu, da waɗanda suka wanke raunukan marasa lafiya a ƙasarmu. Ka ba mu zuciya mai komowa, da hannu mai taɓawa, da kunne mai jin muryarka. Ka ziyarci marasa lafiya da masu jinyarsu, ka ba Kano da ƙasarmu salama. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.