Mamatan Ramin Ma'adinai: Wa Ke Riƙe da Sunayensu?

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan leburorin haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, waɗanda ke jan ƙafa a bakin aiki saboda rikicin albashi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Kwanaki kaɗan kafin nan, matan leburorin sun yi dafifi a ofisoshin ma'aikatar suna neman haƙƙin mazansu. Har yau akwai mutum-mutumin tunawa da mamatan a birnin.

Kudancin Kano ma yana da nasa tarihin rami, sai dai na kuza ne. Wanda ya kama hanyar Jos daga Kwanar Dangora, ya wuce Tudun Wada da dajin Falgore, zai shiga ƙasar Doguwa, inda Riruwai take. Tun kafin zuwan Bature ake haƙo kuza ana narka ta a nan. Daga 1942 zuwa 1944 kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na Jos, abin da mutane suka kira "ɗiban gwamna". Sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa, aka binne su nesa da danginsu.

Mata su ne lissafi ya fi tsallakewa. Ba kasafai suke sauka rami ba, amma su ke ɗaukar ƙasa a kwano bisa kai, su ke durƙusawa cikin ruwa suna wanke ta, su ke daka dutse. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, a tsakar gida ake niƙa dutsen zinare mai gubar dalma, ƙurarsa na sauka kan tabarma da kwanon tuwo. Yara fiye da 400 suka rasu a hannun iyayensu mata.

Tunawa a ƙasar Hausa addu'a ce da sadaka, ba sassaƙa ba. Amma ai addu'a ma tana son suna. A Riruwai da ƙauyukanta akwai dattawan da suka san wanda rami ya rufta da shi, da wadda tari ya kwantar bayan shekarun wankin kuza. Mai unguwa da liman da malamin makaranta za su iya zama da su, su rubuta suna da ƙauye da shekara, a ajiye littafin a fadar hakimi.