Wa Zai Binciki Huhunmu? Batun Tallafa wa Matasan Masu Bincike

Idan mutum ya je asibitin koyarwa da tari mai naci da sarƙewar numfashi, akan miƙa masa wani bututu, a ce ya cika ƙirjinsa da iska, ya huro ta da iyakar ƙarfinsa. Na'urar da ke haɗe da bututun, wadda ake kira sifiromita, tana auna iskar da ya fitar a daƙiƙar farko da kuma jimillar abin da ya iya fitarwa. Sai dai lambar ita kaɗai ba ta cewa komai, dole a gwada ta da abin da ake sa ran lafiyayyen mutum mai irin shekarunsa da tsayinsa zai hura. To, a nan gizo ke saƙa. Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi, wanda aka fitar a 2012, ɓangarensa na baƙar fata da bayanan baƙaƙen Amurka aka gina shi. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina raba ma'aunin bisa launin fata, amma sabon ma daga waɗancan tsofaffin bayanai aka harhaɗa shi. Ma'ana, manomin da ya girma cikin ƙurar hunturu da hayaƙin itace, ana yanke hukunci a kan huhunsa da ma'aunin mutanen da ba su taɓa shaƙar abin da yake shaƙa ba.

Cike wannan giɓi ba ya buƙatar wata fasaha ta ban mamaki. Yana buƙatar mutum mai horo, da na'ura mai kyau, da shekaru biyu ko uku na bin gari gari ana auna dubban lafiyayyun mutane. Wannan mutum shi ne abin da muka fi rashi, kuma samar da shi ne manufar tallafin da ake ba matasan masu bincike.

Mutane da yawa na ɗaukar irin wannan tallafi tamkar kuɗin karatu. Ba ɗaya ba ne. Wanda ake ba shi ya riga ya zama likita, ko ya kammala digirin digirgir, yana daidai gaɓar da ko dai ya zama mai bincike mai cin gashin kansa, ko kuma ya watsar da harkar baki ɗaya. Kuɗin kan biya albashinsa, da kayan aiki, da tafiya wata cibiya don koyon sabuwar dabara, a kuma haɗa shi da gogaggen malami mai duba aikinsa. Amma babban abin da kuɗin ke saya shi ne lokaci. Duk wanda ya san rayuwar matashin likita a asibitin gwamnati ya san abin da nake nufi: zagayen ɗakin marasa lafiya da safe, layin masu jiran ganin likita har bayan azahar, koyar da ɗalibai, aikin kwana, sannan wani asibitin kuɗi da yamma don albashi ba ya kai wata. A ina zai zauna ya tsara tambaya, ya nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ya tattara bayanai, ya rubuta? Idan tallafi ya biya wani ya riƙe masa rabin aikinsa, an ba shi abin da ya fi kowace na'ura daraja.

Girman matsalar huhu kuwa bai bar wurin jinkiri ba. Alƙaluman Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2018 ciwon namoniya, wanda iyaye mata ke cewa sanyin haƙarƙari, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Najeriya ce kuma kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 1.25 a 2023. Ga asma, ga lalacewar huhu da ke biyo bayan warkewa daga tarin fuka, wadda ta bar mutane da dama ba sa iya noma ko dako duk da sun shanye maganinsu na wata shida.

Akwai ƙofofin da aka buɗe. Ƙungiyar masana cututtukan numfashi ta Turai, ERS, tana ba da tallafi na gajeren zango, wata ɗaya zuwa uku, da na dogon zango daga wata shida zuwa sama, don matashi ya je wata ƙasa ya yi aiki a ɗakin binciken da ya fi nasa kayan aiki. Shirin EDCTP, haɗin gwiwar ƙasashen Turai da na Afirka da aka kafa a 2003, ya daɗe yana tallafa wa matasan masana na Afirka a kan tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da cuta mai karya garkuwar jiki. A 2017 makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool ta jagoranci wani shiri mai suna IMPALA da kuɗin gwamnatin Birtaniya, wanda ya horar da matasan Afirka musamman a kan lafiyar huhu da tarin fuka.

Wanda ya fi burge ni shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Shirin MECOR ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ce ta faro shi a Latin Amurka a 1994, sannan ƙungiyar likitocin ƙirji ta Afirka, PATS, ta kawo shi nahiyar a 2007. Ba a ɗauke mutum daga wurin aikinsa. Yana zuwa kwas na kimanin mako guda a shekara, mataki mataki. A matakin farko yana koyon yadda ake mayar da abin da ke damunsa a asibiti ya zama tambayar da za a iya amsawa, ya koma gida ya tattara bayanai, ya dawo a koya masa tantance su da rubuta su. Hikimar a nan ita ce tambayar daga gadon majinyacinsa ta fito, ba wani ne ya aiko masa da ita ba.

Me ya sa asalin tambaya ke da muhimmanci haka? Dubi abin da ya faru a Malawi. An daɗe ana ganin cewa idan aka raba wa mata murhu mai ƙarancin hayaƙi, namoniya za ta ragu a tsakanin yara. Maganar ta yi kama da gaskiya har ba a ga dalilin gwada ta ba. Da aka gwada a kan yara sama da 10,000 a rukunin ƙauyuka 150 na yankunan Chikhwawa da Karonga, sakamakon da mujallar Lancet ta fitar a ƙarshen 2016 ya nuna ba a sami raguwar cutar ba. Murhunan kan lalace, gidaje kan koma wa tsohon murhu, yara kuma suna shaƙar hayaƙi daga ƙona shara da gidajen maƙwabta. A Gambiya kuwa, gwajin allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa namoniya a kan jarirai sama da 17,000, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna ta rage mace-macen yara da kashi 16 cikin ɗari. Wannan hujja na cikin abubuwan da suka share wa allurar hanya a Afirka, Najeriya ma ta fara ba da ita a ƙarshen 2014. Ɗaya ya hana a zuba dukiya a inda ba za ta yi amfani ba, ɗaya ya ceci rayuka. Dukansu biyu ba za su yiwu ba sai da ma'aikatan da suka san ƙauyukan, suke jin harshen mutanen, iyaye kuma suka yarda da su.

Amma tsarin yana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Kusan duk sunayen da na ambata daga waje kuɗinsu ke zuwa. Mai kuɗi shi ke zaɓar cutar da za a bincika, shi ya sa tarin fuka ke samun kulawa, asma da cututtukan huhu masu daɗewa kuma suke zama 'yan bora. A 2025, da gwamnatin Amurka ta zabtare tallafin da take bayarwa a waje ta kuma rushe hukumar USAID, ayyukan lafiya da na bincike da dama a Afirka sun tsaya cik a tsakiyar tafiya. Ƙasashen Afirka sun amince tun 2006 su riƙa kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a kan bincike, amma Najeriya ba ta ko kusanci hakan ba.

Rauni na biyu ya fi ciwo, wato ranar da tallafin ya ƙare. Matashi ya dawo da ilimi da zumuɗi, ya tarar babu kuɗin ci gaba, wutar lantarki ba ta tsayawa balle samfurin majina ya tsira a firji, shugaban sashe kuma ya mayar da shi cikakken jadawalin aiki. Cikin shekara biyu sai ka ji ya koma inda aka horar da shi. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ke hannunmu ba ƙarami ba ne. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana da sashen tallafin bincike na ƙasa, kuma zai iya ware wani kaso na musamman ga waɗanda ba su wuce 'yan shekaru da kammala horo ba, don kada su riƙa gogayya da furofesoshin da suka koyar da su. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri za su iya rubuta wa duk wanda ya ci tallafi kwanaki biyu na bincike a mako, a kuma mutunta su. Cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya tana da ɗakin gwaji da majinyata da za su iya zama makaranta ga irin waɗannan matasa. Tambayoyin ma ga su nan jibge: me ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi take yi wa huhun yaro duk hunturu, wane hali huhun masu fasa dutse da masu haƙar zinare ke ciki, kuma yara nawa ne ake yi wa maganin namoniya sau huɗu a shekara alhali asma ce ke damunsu ba a gano ba.